Da wane littafin bincike zan fara? Amsa ga wata malama daga Gombe

Wata malamar sakandare daga Gombe ta aiko da tambaya. Ta ce ta girma da karatun littattafan soyayya na Hausa, yanzu kuma ranta ya koma kan labaran da ake aikata laifi a ɓoye, wani ya bi diddigi har ya gano mai laifin. Ta nemi shawarar abokan aikinta, kowa da bakinsa: wannan ya ce James Hadley Chase, wancan ya ce Sherlock Holmes, wata kuma ta ce duk ɓata lokaci ne. Tana son sanin da wanne za ta fara, ko dole ne a bi jerin littattafan bi da bi, ko akwai irinsu da Hausa, da kuma wanda za ta iya miƙa wa ɗalibanta hankali kwance.

'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Aikin ɗakin karatu na yi a Bauchi har na yi ritaya, kuma wannan sashen na labaran bincike shi ne wanda na fi ganin ana aro ana dawowa a sake aro. Kafin in jero miki sunaye, bari in ba ki ma'aunin da za ki riƙa auna su da shi, domin sunayen da zan ba ki za su ƙare, ki koma zaɓar littafi da kanki.

Ma'aunin shi ne adalcin marubuci ga mai karatu. Littafin bincike na ƙwarai ba ya ɓoye miki hujja. Duk abin da mai binciken ya gani, ke ma an nuna miki shi. Duk maganar da ya ji, kin karanta ta. Kamar wasan dara ne, 'ya'yan duka suna fili a gabanku ku biyu, wanda ya fi lura shi ke ci. Idan kin kai babin ƙarshe aka fallasa mai laifi, ya kamata ki iya komawa baya ki ɗora yatsa a kan shafin da aka gaya miki gaskiya kika wuce ba ki kula ba. In kuwa a shafuka goma na ƙarshe ne aka fito da wani mutum da ba a taɓa ambata ba, ko mai binciken ya yi mafarki ya ga ɓarawon, ko mai laifin ya faɗi ciwon ajali ya tona kansa, to marubucin ya ci amanar lokacinki, komai daɗin bakinsa.

Wannan ba ra'ayina ne ni kaɗai ba. A 1929 wani limamin Kirista ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya tsara ƙa'idoji goma. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba a warware matsala da tsafi ko aljanu, kada sa'a ko tsautsayi ya yi wa mai bincike aikinsa, kada ya ga wata alama ya ɓoye ta ga mai karatu, kada a fito da tagwaye a ƙarshe ba tare da an share fage ba. Manyan marubuta sun karya wasu daga cikin ƙa'idojin, amma sun karya su ne da sani, kuma sun biya mai karatu da abin da ya fi.

Da wannan ma'aunin, abokin aikinki da ya ce Chase ya ba ki littafi mai daɗi, amma ba abin da kika tambaya ba ne. Mu da muka yi makaranta a shekarun 1970 da 1980 mun san yadda littattafansa suka riƙa yawo hannu zuwa hannu a ɗakunan kwana har bangonsu ya cire. Baturen Ingila ne, sunansa na yanka René Raymond, ya fara da No Orchids for Miss Blandish a 1939, ya rubuta littattafai wajen 90, mafi yawansu ya kafa su a Amurka alhali da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya fi sanin ƙasar. A labaransa galibi kin san mai laifi tun farko, sau da yawa ma shi ne ke ba ki labarin. Abin da ke riƙe ki shi ne fargabar yadda kwaɗayi zai kai shi ya baro. Gudu ne da bindiga da mata da kuɗi. Ba a gayyatar ƙwaƙwalwarki ta yi aiki, kuma akwai batsa da zubar da jini da ba zan so a gani a jakar ɗaliba ba.

Wanda ya ce Holmes ya fi kusa. Arthur Conan Doyle, marubucin da ya ƙirƙiro mai bincike Sherlock Holmes, likita ne, ya yi karatu a Edinburgh, kuma ya ɗauki halin tauraronsa daga malaminsa Joseph Bell, wanda kan dubi mara lafiya ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Holmes ya fara bayyana a 1887 cikin A Study in Scarlet. Duka-duka dogayen littattafai 4 ne da gajerun labarai 56. Doyle ya gaji da shi har ya kashe shi a 1893, masu karatu suka hana shi sakat sai da ya dawo da shi. Ina ƙaunar Holmes, kuma ba abin da ke koya wa yaro lura kamar ya ga yadda ake karanta taɓon takalmi da kantar hannu. Sai dai gaskiya ba kullum yake yi wa mai karatu adalci ba. Yakan tsinci wani abu a ƙasa ya sa a aljihu, ko ya san launin ƙasar wata unguwar Landan da ke ba ki da hanyar sani. A wurinsa kina kallon gwani yana aiki ne, ba kwa karawa. Ga kuma Turancin ƙarni na 19, wanda kan gajiyar da mai farawa. In za ki shiga, ki shiga ta gajerun labarai 12 na The Adventures of Sherlock Holmes, sannan The Hound of the Baskervilles na 1902, wanda a ganina ya fi sauran dogayen ukun nesa ba kusa ba.

Amsata kai tsaye ita ce ki fara da Agatha Christie.

Dalilina uku ne, kuma na farko shi ne Turancinta mai sauƙi ne, yawancinsa hira ce tsakanin mutane, mai takardar kammala sakandare mai kyau zai bi ta ba ƙamus a hannu. Na biyu, ba ta yi miki rowar hujja. Takan ajiye gaskiya a tsakiyar wata magana da kike ɗauka ta banza ce, a bakin mai aikin gida ko a lissafin wanda ya sha shayi da wanda bai sha ba, sannan ta ja idonki wani wuri. Na uku, laifukan da take rubutawa laifukan cikin gida ne: gādo, kishi, auren da aka ɓoye, ɗan da ba a san da shi ba, bashin da ya ci mutum. Wadda ta girma da littattafan zamantakewa na Hausa ta riga ta san wannan filin ciki da bai. Bambancin kawai shi ne a nan an sami gawa, kuma kowa a gidan yana da abin da yake ɓoyewa.

Ta rubuta dogayen littattafan bincike 66, daga The Mysterious Affair at Styles na 1920 har zuwa rasuwarta a 1976. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti, shi ya sa guba ta yi yawa a labaranta, kuma ba ta faɗin abin da ba ta sani ba game da ita. Taurarinta biyu ne manya. Hercule Poirot tsohon ɗan sandan Beljiyam ne mai tsafta da ji da kai, yana cikin littattafai 33. Ba ya rarrafe yana neman sawu, zama yake ya sa mutane magana har ƙaryarsu ta ci karo da juna. Miss Marple kuwa tsohuwa ce 'yar ƙauye da ba ta taɓa aure ba, tana cikin littattafai 12, kuma makaminta shi ne ta san halin mutanen ƙauyenta. Duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani da ta sani, ta kuma san abin da wancan ya aikata.

Ga tsarin da nake ba masu farawa. Na farko Murder on the Orient Express, 1934: jirgin ƙasa ya taso daga Istanbul, ƙanƙara ta tare shi a hanya, da safe aka sami fasinja an daba masa wuƙa sau 12, kuma ba wanda ya shiga ko ya fita daga jirgin. Na biyu A Murder Is Announced, 1950, na Miss Marple, inda aka buga sanarwa a jaridar ƙauye cewa za a yi kisa a gida kaza da ƙarfe shida da rabi na yamma, maƙwabta suka taru suna zaton wasa ne. Na uku Death on the Nile, 1937, a jirgin ruwa a Masar. Sai bayan waɗannan ki taɓa The Murder of Roger Ackroyd na 1926. Kada ki fara da shi, kada kuma ki bar kowa ya ba ki labarinsa ko da a taƙaice, domin ƙarfinsa yana ga wanda ya riga ya saba da yadda ake tafiyar da irin wannan labarin. And Then There Were None na 1939 ba Poirot ba Marple a ciki, mutum goma ne a tsibiri suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya fi sauran ban tsoro, ki ajiye shi sai lokacin hutu.

Abu ɗaya zan gaya miki don kada ya zo miki bagatatan. Christie da Doyle 'ya'yan zamanin mulkin mallaka ne, kuma nan da can za ki ci karo da raini ga baƙar fata ko Larabawa ko Indiyawa. Littafin 1939 ɗin nan ma da wani suna na cin mutuncin baƙar fata aka fara buga shi kafin a sauya. Ki karanta da idonki a buɗe, in kuma ɗalibai za ki ba, ki tattauna wannan da su a fili.

Game da bin jeri, ya danganta da marubuci. Poirot da Marple da Holmes ba sa canzawa daga littafi zuwa littafi, ki ɗauki duk wanda ya zo hannunki, ban da Curtain na 1975 wanda shi ne ƙarshen Poirot, sai ki bar shi ƙarshe. Haka Maigret na Georges Simenon, sufeton 'yan sandan Faris mai littattafai 75, gajeru, waɗanda suka fi damuwa da abin da ya kai mutum ga laifi fiye da wasan gano shi. Amma jerin wannan zamani yawanci rayuwar mai binciken na tafiya tare da labarin, yana aure, yana haihuwa, ana yi masa rasuwa, kuma littafi na huɗu kan tona sirrin na biyu. Waɗannan a bi su daga farko.

Yadda ake karatun ma yana da nasa ladabi. Ki ajiye 'yar takarda a cikin littafin. Duk wanda kike zargi ki tambayi abu uku a kansa: me zai samu, yana ina lokacin da abin ya faru, kuma da me zai iya aikatawa. Idan kin ga mai binciken ya ce a tara masa kowa a falo, ki rufe littafin, ki rubuta suna ɗaya da dalilinki, sannan ki buɗe. Wanda ya karanta ba tare da ya yi wannan ba ya sha rabin daɗin ne kawai.

Kada ki daɗe a Ingila. Bayan littattafai huɗu ko biyar ki dawo Afirka, domin a nan ne za ki ga abin da wannan salon ke iya yi wa al'ummar da kika sani. Mafi laushi shi ne jerin The No. 1 Ladies' Detective Agency na Alexander McCall Smith, wanda ya fara a 1998. Precious Ramotswe ta sayar da shanun da mahaifinta ya bar mata gādo ta buɗe ofishin bincike a Gaborone ta Botswana, tana neman mazan da suka ɓace, tana gano likitan bogi da mai ƙaryar shi uban wata ne. Ba jini sosai, akwai tausayi da girmama dattawa. Marubucin Bature ne da aka haifa a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, kuma ya zana Afirka da zaƙi fiye da yadda take. Duk da haka ina ba da shi, musamman ga wadda ba ta son gawa a kowane babi. Kwei Quartey ɗan Ghana ya fi ɗaci: Wife of the Gods na 2009 ya gabatar da sufeto Darko Dawson, wanda aka tura daga Accra zuwa yankin Volta kan mutuwar wata ɗalibar likitanci, ya tarar da al'adar miƙa 'yan mata ga wurin tsafi.

A nan gida, wanda na fi so ki karanta shi ne Lightseekers na Femi Kayode, 2021. Taron jama'a sun kashe ɗalibai uku a wani garin jami'a kusa da Fatakwal, akwai ma bidiyon abin, don haka tambayar ba wa ya yi ba ce. Mahaifin ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauko masanin halayyar ɗan Adam, Philip Taiwo, ya gano masa me ya sa, wa kuma ya fara kunna wutar. Marubucin ya samo tushen labarin daga kisan ɗalibai huɗu a Aluu a 2012. Duk wanda ya taɓa jin an yi ihun ɓarawo a kasuwa ya ga yadda mutane ke rufar wanda ba su sani ba, zai karanta wannan littafin da sanyin jiki. Easy Motion Tourist na Leye Adenle, 2016, yana da gudu ƙwarai, amma Legas ɗin dare ce, karuwai da masu cinikin sassan jiki. Na manya ne, kuma ya fi kusa da Chase.

Tunda daga Gombe kike, ba zan wuce Helon Habila ba, ɗan Kaltungo, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Bauchi kafin ya koma aikin jarida a Legas, ya kuma ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001. Ba marubucin labaran bincike ba ne, amma Oil on Water na 2010 a kan ƙashin bincike aka gina shi: 'yan jarida biyu, matashi da dattijo, sun shiga kwale-kwale cikin fadamun Neja Delta neman matar wani Bature injiniyan mai da aka sace. Measuring Time na 2007, labarin tagwaye a wani ƙauye da za ki gane ƙamshin ƙasarku a cikinsa, yana cikin littattafan da nake ganin duk malamin makaranta a jihar Gombe ya kamata ya karanta.

Yanzu tambayarki da ta fi taɓa ni, wato ko akwai da Hausa.

Labaran laifi muna da su, kuma tun farko. Cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Jiki Magayi labarin ramuwar gayya ne da sata da kisa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buɗe shi da malamin yana ba almajiransa labari a Rauta kusa da Bauchi, ya ƙunshi ƙazafin da fadawa suka yi wa Makau, da satar yaro, da uwa mai bin sawun ɗanta har hamada. A 1982 gasar da gwamnatin tarayya ta shirya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, kan Mailoma da ta'asarsa. Waɗannan biyun ki neme su. Sun nuna cewa Hausa na iya ɗaukar labari mai gudu da nauyi ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Daga baya, cikin marubutan Kano, irin su Nazir Adam Salih da Bala Anas Babinlata sun yi suna wajen labaran sarƙaƙiya da fargaba a lokacin da soyayya ta cika kasuwa.

Amma abin da kika tambaya, mai bincike guda da ke dawowa littafi bayan littafi yana warware laifi da hujja, har sunansa ya zauna a bakin mutane yadda Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja ya zauna, wannan har yanzu gurbinsa a buɗe yake. Kuma abin yana damuna, domin maƙwabtanmu sun yi. Yarabawa suna da Akin Olusina na Kola Akinlade, suna da Lapade na Oladejo Okediji tun 1969. Masu Swahili suna da Bwana Msa na Muhammed Said Abdulla ɗan Zanzibar, wanda littafinsa na farko, Mzimu wa Watu wa Kale, ya fito a 1960. Musulmi ne, cikin al'umma mai kama da tamu, kuma abin da mutane suka ɗauka aikin aljanu ne shi yake warwarewa da hankali.

A ganina abu uku suka riƙe mu. Irin wannan littafin daga ƙarshe ake tsara shi zuwa farko, marubuci sai ya san wa ya yi da yadda ya yi kafin ya rubuta layin farko, alhali kasuwarmu ta saba da fitar da labari kashi-kashi, ana rubutawa ana sayarwa, yau ma a waya haka ake yi. Sannan yana bukatar marubuci ya je ya zauna a kotu, ya tambayi ma'aikacin asibiti yadda ake gane lokacin mutuwa, ya san yadda ake rubuta bayanin shaida a caji ofis. Na uku shi ne sauƙin da boka da aljani da mafarki ke ba marubuci idan labari ya cije masa. Ban ce a raba adabinmu da gaibu ba, yana da wurinsa. Amma a labarin bincike da zarar aljani ya shigo, hujja ta tashi daga aiki.

Akwai kuma masu cewa mai karatunmu ba zai yarda da ɗan sanda mai bin zanen yatsa ba. To wa ya ce dole sai ɗan sanda? Dillaliya tana shiga gidajen da namiji ba ya shiga, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da wadda ta sayi atamfar da kuɗin mijinta bai kai ba. Ungozoma ta san watan kowace haihuwa. Magatakardan kotun shari'a ya ga rabon gādo iri-iri da yadda 'yan uba ke kallon juna. Mai bin sawun shanun sata a dajin Dukku ko Ningi yana karanta ƙasa fiye da yadda Holmes ke karanta titin Landan. Shugaban tasha ya san motar da ta tashi da asuba da wanda ya biya kujera biyu shi kaɗai. Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya gina masa littattafai biyar masu adalci, da Hausar Bauchi ko ta Gombe, ya buɗe ƙofar da ba a buɗe ba. Ke malama ce, kina da alƙalami. Ki sa wannan a ranki yayin da kike karatun.

Ita kuwa abokiyar aikinki da ta ce ɓata lokaci ne, ki gaya mata cikin ladabi cewa kafa hukunci da alama tsohon ilimi ne a wurinmu. A Suratu Yusuf, mai shaida daga dangin matar ya ce a dubi rigar: in ta gaba ta yage ita ce mai gaskiya, in ta baya ce shi ne mai gaskiya. Hadisi ya zo da hukuncin Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tsakanin mata biyu masu jayayya kan jariri, inda ya gane uwar gaskiya daga abin da ta yarda ta rasa. An san alƙalin Basra Iyas ɗan Mu'awiya da firasa, Ibnul Ƙayyim kuma ya yi dogon bayani kan aiki da alamu a shari'a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukumiyya. Ba ina haɗa waɗannan da ƙagaggen labari ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina nufin ɗabi'ar da littafin bincike na kirki ke shukawa, ta kada a yanke wa mutum hukunci da jita-jita ko da kamannin fuskarsa sai an ga hujja, ɗabi'a ce da addininmu ya riga ya umarce mu da ita, kuma a zamanin da hoto ɗaya a waya ke iya tayar da unguwa, ɗalibanki suna bukatarta.

Su ɗaliban, 'yan ƙaramar sakandare ki ba su Famous Five da Secret Seven na Enid Blyton, da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, 1960, wanda ke faruwa a ƙasarmu, cikin jirgin ƙasa. In kin sami tsofaffin littattafan jerin Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, ki saya. Marubutan Afirka ne, Turanci mai sauƙi, irin su The Smugglers na Kalu Okpi da The Undesirable Element na Mohammed Sule, amma ki riga su karantawa domin ba duka ne suka dace da yara ba. 'Yan babbar sakandare za su iya Christie da gajerun labaran Holmes. Waɗanda suka yi nisa a Islamiyya kuma akwai Al-Mugamirunal Khamsa na Mahmud Salim ɗan Masar, yara biyar a unguwar Ma'adi ta Alƙahira suna warware sirri, da Larabci mai sauƙi da zai ƙarfafa musu karatu.

Wajen samu, labaran Holmes haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ana sauke su kyauta ta halal a shafin intanet na Project Gutenberg. Marubutanmu masu rai kuwa, na Hausa da na Turanci, ki sayi nasu da kuɗinki, kada ki karɓi kwafin da ake turawa a WhatsApp. Tsofaffin littattafan Hausa ki tambayi masu sayar da littattafan makaranta bugun kamfanin NNPC na Zariya. Christie da Chase da Blyton sun fi samuwa wurin masu shimfiɗa littattafan gwanjo a gefen kasuwa da bakin ƙofofin manyan makarantu, kuma in kin gaya wa mai tebur sunan marubuci sau da yawa zai haɗo miki idan ya je saro kaya. Kafin ki biya, ki duba lambar shafin ƙarshe ki tabbata ba a yage ba, ba tare da kin karanta abin da ke ciki ba, domin littafin gwanjo daga baya yake fara zubewa. Shafin farko kuma ki sa mai teburin ya duba miki shi, saboda akwai masu karatun da kan rubuta sunan mai laifin a nan da biro.